Benjamin Gompertz (1779–1865): Rayuwarsa da Tasirin Lissafinsa a Kan Auna Girman Kaji

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Benjamin Gompertz, masanin lissafi ɗan ƙasar Ingila wanda bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, amma ya samar da ƙa'idar da har yau masana kiwo suke auna girman kaji da ita. An kawo asalinsa da neman iliminsa da aikinsa a kamfanin inshora, sannan aka bayyana ƙa'idar mace-mace da ya wallafa a shekarar 1825, da yadda wasu masana suka mayar da ita ma'aunin ƙaruwar nauyin jiki kimanin shekara sittin bayan rasuwarsa. Daga ƙarshe an dubi abin da ƙa'idar take nufi ga mai kiwon kaji da zabi a ƙasar Yawuri, wato Shanga da Ngaski da gaɓar tafkin Kainji.

Fitilun kalmomi: Gompertz, lissafi, inshora, girman kaji, Yawuri

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Shanga, kamar sauran ƙasar Hausa, kaza ita ce asusun gida. Ita ake kamawa idan an yi baƙo, ita ake kai wa kasuwa idan yaro ya kwanta rashin lafiya. Duk matar da ta daɗe tana kiwo ta san cewa tsako ba ya girma da sauri iri ɗaya tun daga ƙyanƙyasa har zuwa tsufa. Yakan fara a hankali, sai ya zabura, daga baya kuma ya ja baya, har ya kai lokacin da komai tsakin da aka watsa masa ba ya ƙara wani nauyi na a-zo-a-gani. Harshen Hausa ma ya adana wannan sani a cikin sunaye, domin akwai tsako, akwai sagara, akwai dakwalwa. Tambayar da take da kuɗi a cikinta ita ce: yaushe ne ci gaba da ciyarwa yake komawa asara?

Masana kimiyyar kiwo suna amsa wannan tambaya da tsarin lissafi, kuma wanda ya fi shahara a fagen kaji yana ɗauke da sunan Gompertz. Abin lura shi ne, mai sunan bai yi bincike a kan kaji ba. Mutuwar 'yan Adam ya nazarta, domin kamfanin da yake yi wa aiki ya san nawa zai karɓa daga hannun mai sayen inshorar rai.

2.0 Asali da Neman Ilimi

An haifi Benjamin Gompertz a birnin Landan ranar 5 ga Maris, 1779, a cikin dangin Yahudawa da suka yi ƙaura daga ƙasar Holan. Mahaifinsa, Solomon Barent Gompertz, attajiri ne mai fataucin lu'ulu'u. Gidan yana da wadata, sai dai wadatar ba ta buɗe wa yaron ƙofar jami'a ba. A wancan zamani jami'o'in Oxford da Cambridge sun sharɗanta amincewa da aƙidar Cocin Ingila, ta farko tun wajen shiga, ta biyu wajen karɓar digiri. Ba a kammala soke waɗannan sharuɗɗa ba sai a 1871, shekara shida bayan rasuwarsa.

Saboda haka Gompertz ya koyar da kansa. Ya duƙufa a kan littattafan Isaac Newton da na Colin Maclaurin, ya laƙanci hanyar Newton ta lissafin sauye-sauye, wadda ake yi wa alama da ɗigo a kan baƙi. Yana ɗan shekara 18 ya shiga Ƙungiyar Lissafi ta Spitalfields, wadda aka kafa a 1717 a unguwar masaƙa ta gabashin Landan. Ƙungiya ce ta masu sana'o'in hannu da ƙananan 'yan kasuwa, kuma daga cikin dokokinta akwai cewa duk mamban da ɗan'uwansa ya yi masa tambaya, wajibi ne ya koyar da shi ta hanya mafi sauƙi da ya iya. Ta wannan fuska ta yi kama da makarantar zaure, inda karatu yake tafiya daga baki zuwa baki ba tare da takardar shaida ba. Daga baya ya zama shugaban ƙungiyar, kuma a hannunsa ta haɗe da Ƙungiyar Ilimin Taurari a tsakiyar shekarun 1840.

Tun daga 1798 ya riƙa aika amsoshin matsalolin lissafi ga mujallar Gentleman's Mathematical Companion, inda ya yi shekaru a jere yana lashe kyautarta. A 1806 mujallar Philosophical Transactions, ta babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila wato Royal Society, ta buga maƙalarsa a kan tara jerin lambobi. A 1819 aka zaɓe shi mamban wannan ƙungiya. Da aka kafa Ƙungiyar Ilimin Taurari a 1820 yana cikin mambobinta na farko-farko, ya kuma yi aiki tare da Francis Baily wajen lissafin jadawalin matsayin taurari.

3.0 Aure, Kasuwa da Aikin Inshora

A 1810 ya auri Abigail Montefiore, 'yar'uwar Moses Montefiore, sanannen attajiri kuma jagoran Yahudawan Ingila. Wannan aure ya kusanta shi da gidan Nathan Mayer Rothschild, kasancewar matar Moses da matar Nathan 'yan gida ɗaya ne. Gompertz ya yi shekaru yana harka a kasuwar hannun jari ta Landan. Rasuwar ɗansa namiji tilo tun yana yaro ta girgiza shi ƙwarai, ya janye daga kasuwar, ya mayar da hankalinsa kacokan ga lissafi.

Masu tarihinsa sun ruwaito cewa ya nemi muƙamin mai lissafin inshora a wani sabon kamfani da aka kafa a 1821, aka hana shi saboda addininsa. A 1824 Montefiore da Rothschild da abokan hulɗarsu suka kafa kamfanin inshora na Alliance, aka naɗa Gompertz mai lissafinsa. Ya riƙe wannan aiki fiye da shekara ashirin, har ya yi murabus a ƙarshen shekarun 1840.

Nauyin da yake wuyan mai wannan muƙami ba ƙarami ba ne. Kamfani yana karɓar kuɗi yau bisa alƙawarin biya bayan shekara talatin ko arba'in. Idan aka ƙiyasta tsawon rayuwar mutane ba daidai ba, ko dai a zalunci masu biya, ko kuma kamfani ya karye ya bar zawarawa da marayu hannu wofi. Abin dogaro a lokacin shi ne jadawalin mace-mace, irin na garin Northampton da Richard Price ya tsara, da na garin Carlisle da Joshua Milne ya wallafa a 1815. Waɗannan jadawalai dogayen jerin lambobi ne, kuma lissafin da ya shafi rayuka biyu ko uku a haɗe, misali miji da mata, yakan ci lokaci mai tsawo da alƙalami. Gompertz ya nemi ƙa'ida guda da za ta taƙaita jadawalin baki ɗaya.

4.0 Ƙa'idar 1825

Tun a 1820 ya gabatar da wata maƙala a kan ƙimanta kuɗaɗen da suka rataya a kan tsawon rai. Babban aikinsa kuwa ya zo ne a matsayin wasiƙa zuwa ga Francis Baily, aka karanta ta a zaman Royal Society ranar 16 ga Yuni, 1825, aka buga ta a juzu'i na 115 na Philosophical Transactions.

Tunanin da ya gina aikin a kai mai sauƙin faɗa ne. A ganinsa, mutuwa tana zuwa ta hanya biyu da suke tafiya tare. Akwai tsautsayi, wanda ba ruwansa da shekarun mutum, akwai kuma raunin jiki, wanda yake ƙaruwa da shekaru. Sai ya ɗauka cewa a kowane tsakanin lokaci daidai, mutum yana rasa kaso daidai na abin da ya rage masa na ƙarfin jure halaka. Idan haka ne, haɗarin mutuwa zai riƙa hawa ta hanyar riɓanyawa, wato kowace shekara ana ninka haɗarin bara da adadi guda da ba ya canzawa. Ya gwada wannan a kan jadawalan da suke hannunsa, ya ga ya dace da su a tsawon shekaru masu yawa na rayuwar baligi. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban bayansa ya nuna cewa haɗarin mutuwar baligi yana ninkuwa kusan kowace shekara takwas.

Da ya lissafa adadin waɗanda za su rage a raye a kowace shekara bisa wannan zato, sai ya sami tsari mai riɓanyawa a cikin riɓanyawa. Wannan siffa ita ce gadon da ya bari. A 1860 William Makeham ya ƙara mata adadi tsayayye domin wakiltar tsautsayin da Gompertz ya ambata amma bai sa a cikin lissafin ba, shi ya sa masana inshora suke haɗa sunayen biyu.

Aikin bai sami karɓuwa da wuri ba. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne Gompertz ya ƙi rabuwa da alamomin Newton, alhali matasan masanan Ingila sun riga sun koma ga alamomin Leibniz da ake amfani da su a sauran Turai. A 1832 T. R. Edmonds ya wallafa jadawalin rayuwa bisa ƙa'ida irin wannan, yana danganta gano ta ga kansa. Augustus De Morgan ne ya tsaya tsayin daka ya kare haƙƙin Gompertz a rubuce-rubucensa, har ƙa'idar ta tabbata da sunan mai ita.

5.0 Ƙarshen Rayuwa

Gompertz yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Ƙididdiga ta Landan a 1834. Bayan murabus ya ci gaba da rubutu duk da raunin lafiya. Ya wallafa ɗan littafi a kan wani ɓangare na lissafin siffofi a 1850, ya aika maƙala ga babban taron ƙididdiga na duniya da aka yi a Landan a 1860, sannan ya buga ƙarin bayani a kan ƙa'idarsa a 1862. Da aka kafa Ƙungiyar Lissafi ta Landan a 1865 ya shiga cikin mambobinta na asali. Ya rasu ranar 14 ga Yuli na wannan shekara, yana da shekara 86.

Akwai wani abu a tarihin gidansu da ya shafi maudu'in wannan maƙala. Ƙanensa, Lewis Gompertz, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Ingila a 1824, ya kuma riƙe sakatarenta. Ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya hawa keken doki saboda tausayin dokin. Ya rasu a 1861. Lissafin yayansa kuwa shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin kayan aikin da ake tsayar da ranar yanka kajin gidan gona da su.

6.0 Daga Lissafin Mutuwa Zuwa Lissafin Girma

Kusan ƙarni guda ƙa'idar ta zauna a ofisoshin inshora. A 1926 masanin gadon halitta Sewall Wright ya nuna cewa za ta dace da bayanin girman jikin halitta. A 1932 Charles Winsor ya wallafa maƙala a Amurka inda ya fayyace siffofinta a matsayin lanƙwasar girma, ya kwatanta ta da wadda Pierre-François Verhulst na Beljiyam ya samar a 1838 domin ƙaruwar jama'a. A tsakiyar shekarun 1960 Anna Kane Laird ta yi amfani da ita wajen girman ƙari a jiki da kuma girman dabbobi masu lafiya, Robert Ricklefs ya gwada ta a kan tsuntsaye, sannan a farkon shekarun 1980 Gerry Emmans a Edinburgh ya gina tsarin hasashen girma da cin abincin kaji a kanta.

Juyin da aka yi wa tunanin shi ne kamar haka. Inda Gompertz ya ce haɗarin mutuwa yana hawa da kaso daidai a kowane lokaci, masana kiwo suka ce ƙarfin girma yana sauka da kaso daidai a kowane lokaci. Ƙarfin girma a nan yana nufin abin da kaza ta ƙara a yini idan aka auna shi da nauyin da take da shi. Akan rubuta tsarin kamar haka:

N = A × e^(−b × e^(−k × t))

A nan N shi ne nauyi a ranar t, A maƙurar nauyin da kazar take dosa, k saurin raguwar ƙarfin girma, b kuma adadi ne da ya danganta nauyin tsako da maƙurar. Baƙin e tsayayyar lamba ce, kimanin 2.718. Idan aka zana tsarin, layin yakan kwanta, ya miƙe, ya sake kwantawa. Wurin da ya daina ƙara tsayuwa ya fara kwantawa shi ne gaɓar juyawa, kuma a nan ne kaza take ƙara nauyi mafi yawa a yini.

Muhimmin bambanci tsakanin tsare-tsaren girma yana wurin wannan gaɓa. A tsarin Verhulst tana faɗowa a rabin maƙurar nauyi. A na Gompertz tana zuwa a kashi 36.8 cikin ɗari. A na Ludwig von Bertalanffy, wanda masu binciken kifi suka fi amfani da shi, tana kusa da kashi 30. Tsarin Samuel Brody na 1945 ba shi da gaɓar juyawa, shi ya sa ya fi dacewa da ɓangaren girma na baya. F. J. Richards a 1959 ya ƙara adadi na huɗu da yake barin gaɓar ta matsa gaba ko baya. Tun da kaji sukan kai ƙololuwar saurin girmansu kafin rabin nauyinsu, tsarin Gompertz yakan dace da su da adadi uku kacal, kowanne kuma yana da ma'anar da mai kiwo zai gane.

Misali na ƙiyasi zai fito da amfanin. A ɗauka tsako ya fito da nauyin giram 30, maƙurarsa giram 1,500, k kuma 0.02 a yini. A ranar farko zai ƙara kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa, kuma wannan ƙarfi zai riƙa raguwa da rabi kowane kwana 35. Gaɓar juyawa za ta zo wajen kwana 68, yana da nauyin giram 552, yana ƙara giram 11 a yini. A kwana 140 zai kai giram 1,180, amma ƙarinsa na yini ya koma ƙasa da giram 6. A kwana 210 zai kai giram 1,410, ƙarin kuma bai kai giram 2 ba, alhali cinsa bai ragu ba, tun da jiki babba ya fi buƙatar abinci domin riƙe kansa. Da zarar kuɗin abincin yini ya wuce kuɗin naman da aka ƙara a yinin, ciyarwa ta zama asara, sai fa idan ƙwai ko iri ake nema.

Waɗannan adadi suna canzawa da zaɓen iri. Wani bincike da aka wallafa a 2014 daga Jami'ar Alberta ta Kanada ya yi kiwon kajin nama na irin 1957 da na 1978 da na 2005 a kan abinci ɗaya. A kwana 56 na farko sun kai giram 905, na biyu 1,808, na uku 4,202.

7.0 Abin da Ya Shafi Ƙasar Yawuri

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da fadamu, dubban mutane suka koma sababbin matsugunai a gaɓar tafkin. Gungawa da Shangawa da Kambari da Hausawan yankin suna haɗa noma da su da ƙaramin kiwo, kuma kaji da zabi da agwagi suna cikin abin da ake jingina da shi idan kamun kifi ya ja baya. Lissafin girma ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin cibiyar binciken tafkin da take New Bussa, wadda yanzu ta koma ta binciken kifayen ruwan daɗi, aikinta ya haɗa da nazarin girman kifi, kuma a farkon shekarun 1980 masananta sun yi nazari a kan zabi. A Zariya kuma, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Aikin zaɓen iri irin wannan yana dogara ne a kan awon nauyi a kai a kai.

Sai dai akwai iyaka. Tsarin Gompertz ya ɗauka cewa abinci da lafiya ba su yanke ba. Kazar ƙauye kuwa tana tonon abincinta ne. Tana samun wadata da kaka lokacin sussuka, tana takura da bazara, ga annobar kaji da kan zo da hunturu. 'Ya'yan zabi, waɗanda akan sa wa kaza ƙwansu ta kwanta da damina, sukan dogara da gara da tsaki a makonninsu na farko. Layin girman irin waɗannan tsuntsaye yakan yi hawa da sauka, kuma adadin da aka samo daga kajin akurkin bincike ba lalle ne ya yi daidai da nasu ba. Haka nan, idan aka tsayar da awo kafin kaza ta kusa cika girma, maƙurar da lissafi zai bayar hasashe ne mai rauni. Abin da ake buƙata shi ne sikeli da littafi da awon mako-mako a gidajen masu kiwo, tun daga ƙyanƙyasa har zuwa fara ƙwai.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana Hausa. Malamin gona ba zai isar da wannan ilimi ga matar da take kiwo a Shanga ba sai da kalmomin da za ta gane. Kalmomin maƙurar nauyi da ƙarfin girma da gaɓar juyawa da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, suna buƙatar tantancewa. Zai kuma yi amfani a binciki inda sunayen tsako da sagara da dakwalwa suke faɗowa a kan layin girma, da yadda takwarorinsu suke a harsunan Reshe da Shanga da Kambari.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna yadda Benjamin Gompertz, wanda dokokin zamaninsa suka hana shi jami'a, ya sami iliminsa daga littattafai da ƙungiyar masu sana'a, ya kuma samar da ƙa'idar 1825 domin warware matsalar aikinsa na inshora. Ƙarfin ƙa'idar yana cikin zato guda, wato abin da ya rage yana raguwa da kaso daidai a lokaci daidai, kuma wannan zato ne ya ba ta damar ƙetarawa daga jadawalin mace-mace zuwa akurkin kaji. Hausawa suna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Abin da tsarin Gompertz ya ƙara shi ne hanyar sanin ranar da ta fi dacewa, muddin an samo adadinsa daga kajin wurin da za a yi amfani da shi.